Ƙarfin Katako: Itacen Roba da Itatuwan Zamfara a Kan Sikeli

Gabatarwa

Akwai wata ɗabi'a ta ƙofar katako da kusan kowane magidanci a Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya sani. Da damina, musamman cikin watan Agusta, sai ta kumbura ta ƙi rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Da zarar hunturu ya kama kuwa, sai ta tsuke, ta buɗe tsaga har na waje ya hango tsakar gida. Maigida yakan ɗora wa kafinta laifi, kafinta ya ɗora wa mai sayar da katako, shi kuma mai katako ya ce haka Allah Ya yi icen. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma cikakken bayanin yana wajen ilmin kimiyya, domin halayen katako abubuwa ne da ake aunawa a rubuta da alƙaluma, kamar yadda ake auna tsawon yadi ko nauyin buhun gero.

A wannan darasi za mu ɗauki wani baƙon ice, wato itacen roba, mu aza shi a sikeli tare da itatuwan da muka saba da su. Dalilin zaɓensa biyu ne. Na farko, an auna shi sosai, kuma kusan a kowane awo yana tsaka-tsaki, saboda haka ya dace da zama ma'auni. Na biyu, tarihinsa yana ɗauke da darasi ga jiha irin Zamfara, wadda manyan itatuwan dajinta ke raguwa.

Mene ne itacen roba?

Wannan ita ce bishiyar da ake tsaga ɓawonta a tatsi farin ruwa mai kama da madara, wanda ake sarrafawa ya zama danƙo, a yi tayar mota da safar hannun likita. Sunanta na kimiyya Hevea brasiliensis, asalinta kuma kurmin Amazon ne a ƙasar Brazil. A shekarar 1876 wani Baturen Ingila mai suna Henry Wickham ya kwashi irinta kimanin 70,000 ya kai lambun Kew da ke Landan. Daga can aka kai dashenta Silon, wato Sri Lanka ta yau, da Singafo da Malaya. A Nijeriya ana nomanta a jihohin kurmi kamar Edo da Delta da Kuros Riba, kuma akwai Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya a Iyanomo kusa da birnin Benin. Wannan cibiya ce ke kula da binciken ƙaro, har tana da reshe a Gashuwa ta jihar Yobe.

Roba tana son ruwan sama kimanin milimita 2,000 a shekara. A yankin Gusau kuwa ruwan shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba, ga rani mai tsawo. Saboda haka ba itacen gonakinmu ba ne. Yakan iso mana ne galibi a siffar tebur da kujeru da gadaje na kanti. Ana gane shi da launinsa fari mai ratsin ruwan ƙwai, da kuma yadda ake haɗa gajerun guntaye da gam, bakinsu ya shiga cikin juna kamar yatsun hannu biyu.

Ana fara tatsar bishiyar tana da shekara 5 zuwa 7. Idan ta kai shekara 25 zuwa 30 sai ruwanta ya ja baya, a sare ta a dasa sabuwa. A da ƙone gungumen ake yi, ko a sayar a matsayin makamashi, don kowa ya ɗauka ba shi da amfani: cikin 'yan kwanaki yake yin fumfuna, ƙwari kuma su mai da shi gari. Daga ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a Malesiya suka auna ƙarfinsa, suka daidaita hanyar sa masa magani da busar da shi. Kafin ƙarshen shekarun 1990 mafi yawan kayan ɗakin katako da ƙasar ke fitarwa waje da shi ake yin su.

Yadda cikin ice yake

Idan aka duba ɗan siririn yankin ice da madubin ƙara girma, za a ga ba dunƙulallen abu ba ne kamar ƙarfe. Tarin ƙananan bututu ne masu rami, jere a tsaye daga saiwa zuwa reshe, manne da juna. Mafi sauƙin misali shi ne damin kara. Idan ka tsai da dami ka hau kansa zai ɗauke ka, amma idan ka sa hannu tsakanin karare ka ja gefe, nan da nan za su rabu. Haka ice yake: yana da ƙarfi ƙwarai ta tsawon jijiyarsa, yana da rauni ta gicciye. Mai faskare ya san wannan ko bai shiga aji ba, shi ya sa yake sara ta bin jijiya.

Akwai kuma bambanci tsakanin farin ice na kusa da ɓawo da zuciyar da ke tsakiya. Farin shi ne hanyar ruwa, kuma a nan bishiya ke ajiye abincinta na sitaci da sukari. Zuciya kuwa tsohon ice ne da ya daina aiki, wanda a wasu itatuwa kamar ƙirya da maɗaci da ƙawo bishiyar ke cika shi da sinadarai masu ba shi duhun launi, masu kuma korar ƙwari. A itacen roba babu wannan bambanci a fili. Daga gefe har tsakiya fari ne, cike da sitaci. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Nauyin jiki

Awo na farko shi ne wanda masana ke kira densiti, mu kuma za mu ce masa nauyin jiki. Ma'anarsa nauyin dunƙulen katako mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi, wato mita kubik ɗaya. Ruwa mai wannan girma kilo 1,000 ne. Busasshen katakon roba yana tsakanin kilo 560 da 640. Rimi kimanin kilo 300 ne, obece da ake kawowa daga kudu 380, malaina 400 zuwa 500, iroko, wanda Hausawa ke kira loko, kimanin 650. Maɗaci yana tsakanin 700 da 800, ƙawo kimanin 800. Ƙirya kuwa takan wuce 900, wani lokaci har ta haura 1,000, ta nutse a ruwa kamar dutse. Marke ma yana cikin wannan aji na masu nauyi.

Abin mamaki shi ne, ainihin abin da aka gina bangon bututun nan da shi nauyinsa kusan ɗaya ne a kowane ice, wato kimanin kilo 1,500 a mita kubik. Bambancin rimi da ƙirya yana ga yawan rami ne. A rimi kashi huɗu cikin biyar na jikin iska ne, a roba kimanin kashi uku cikin biyar, a ƙirya kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai. Tun da bango ne ke ɗaukar kaya, ba iska ba, mafi yawan lokaci icen da ya fi nauyi shi ya fi ƙarfi. Wannan ne ya sa masassaƙa ke neman ƙirya don turmi da taɓarya, maƙera kuma ke son gawayinta.

Ruwa a cikin katako

Sabon icen da aka sare yana ɗauke da ruwa iri biyu: wanda ke kwance cikin ramin bututu, da wanda bangon bututun ya tsotse. Ana lissafin damshin katako ta auna shi, a gasa shi a zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. Alal misali, idan guntu ya auna giram 130 kafin gashi, ya koma giram 100, to ruwan giram 30 ne, damshinsa kashi 30 cikin ɗari ke nan.

Yayin bushewa, ruwan rami ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman katako. Sai damshi ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari sannan bango ya fara sakin nasa ruwan, a nan ne katako ke fara tsukewa. Tsukewar ba daidai take ta kowane ɓangare ba. Ta tsawo kusan babu ita. A roba, daga ɗanye zuwa bushewa ƙarau, katako yakan ragu kimanin kashi 5 cikin ɗari ta bin zagayen gungume, da kashi 2 da 'yan kai ta layin da ya taso daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan rashin daidaito shi ke sa falanki ya kwanta kamar kwale-kwale, bakin gungume kuma ya tsattsage.

Ko bayan ya bushe, katako ba ya daina musayar ruwa da iskar da ke kewaye da shi. Inda laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari, kamar a Sapele ko Benin, ko ma a Gusau cikin Agusta, katako yakan tsaya da damshi kimanin kashi 16. Da hunturu a Zamfara laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20, damshin katako kuma ya sauka wajen kashi 5 ko ƙasa. To, bari mu yi lissafi. Roba tana tsukewa kashi 5.1 cikin ɗari a kan saukar damshi maki 30, wato kimanin 0.17 ga kowane maki. Daga 16 zuwa 5 maki 11 ne, wanda ya ba da kashi 1.9 cikin ɗari. A fuskar tebur mai faɗin santimita 80, tsukewar santimita 1.5 ce. Idan an ɗaure fuskar da ƙusoshi ta yadda ba ta da wurin motsi, babu makawa sai ta tsage.

Darasi a nan shi ne, katakon da ya bushe a kudu bai bushe ba a Tsafe. Kamata ya yi a jera shi a inuwa, nesa da ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a ba shi makonni kafin a yi aiki da shi. Iroko da ƙawo da tik an san su da ƙarancin motsi bayan sun bushe, shi ya sa ake son su a ƙofa da taga. Roba tana da wata matsala ta daban. Yawancin gungumenta yana da wasu jijiyoyi da suka girma a ɗaure, don bishiyar ta miƙar da kanta idan iska ta karkata ta. Waɗannan suna tsukewa ta tsawo, su murɗe falanki. Dalilin da ya sa masana'antu ke yanka shi gajere-gajere su haɗa da gam ke nan.

Ƙarfi iri huɗu

Idan kafinta ya ce katako yana da ƙarfi, injiniya zai tambaye shi: wane irin ƙarfi? Akwai aƙalla huɗu.

Na ɗaya, ƙarfin karyewa. Ana aza sanda a kan matokara biyu, a danna tsakiyarta har ta karye. Wannan ne ya shafi benci da katakon rufi.

Na biyu, ƙin lanƙwasa. Wannan yana nuna yadda sanda ke tirjewa kafin ta sunkuya. Robert Hooke, masanin Ingila wanda ya fara ganin ƙananan ramukan jikin tsiro da madubi a 1665, shi ne ya bayyana a 1678 cewa lanƙwasa tana tafiya daidai da nauyi: ninka kaya, lanƙwasa ta ninka, muddin ba a wuce iyaka ba.

Na uku, jure danniya ta tsawo, wato aikin ginshiƙi da ƙafar kujera.

Na huɗu, taurin fuska. Ana auna shi da hanyar Gabriel Janka, ɗan ƙasar Ostiriya, ta 1906: a tura ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 cikin katako har rabinsa ya nutse, a rubuta ƙarfin da aka yi amfani da shi.

Uku na farko ana rubuta su da megafaskal. Megafaskal ɗaya daidai yake da a ɗora kimanin kilo 10 a kan fili mai santimita ɗaya tsawo, santimita ɗaya faɗi. Taurin fuska kuma da niyuton ake rubuta shi, niyuton 10 kimanin nauyin kilo ɗaya ne. Ga matsakaitan alƙaluma, a dunƙule, na katakon da damshinsa yake kashi 12 cikin ɗari:

Obece: karyewa 55, ƙin lanƙwasa 7,000, danniya 30, taurin fuska 1,900.
Roba: karyewa 70, ƙin lanƙwasa 9,000, danniya 42, taurin fuska 4,300.
Iroko: karyewa 87, ƙin lanƙwasa 11,000, danniya 54, taurin fuska 5,600.
Maɗaci: karyewa 90, ƙin lanƙwasa 11,000, danniya 54, taurin fuska 6,000.
Tik: karyewa 97, ƙin lanƙwasa 12,000, danniya 55, taurin fuska 4,700.
Ƙawo: karyewa 120, ƙin lanƙwasa 14,000, danniya 74, taurin fuska 8,000.

Mai karatu zai lura roba ta fi obece ta kowace fuska, a taurin fuska ma ta ninka shi fiye da sau biyu, har ta kusa kamo tik. Saboda haka tebur ɗin roba ba ya saurin loɓawa. Amma a ƙin lanƙwasa tana bayan iroko da maɗaci, ƙawo kuwa ya yi mata nisa. Za a kuma lura maɗaci ya fi tik nauyi, amma bai fi shi ƙarfin karyewa ba. Jijiyar maɗaci a sarƙe take, ba ta miƙe sosai ba. Ashe nauyi jagora ne kawai, ba shi ne alƙali ba.

Akwai gargaɗi uku game da waɗannan alƙaluma. An same su ne daga ƙananan sanduna marasa aibi, alhali falankin kasuwa yana da guraben rassa da tsaga, kowanne kuma yana rage ƙarfi. Sa'an nan ɗanyen katako ya fi busasshe rauni: ƙasa da damshi kashi 30, duk saukar maki ɗaya tana ƙara ƙarfin karyewa da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Na uku, katako yana gajiya. Kayan da zai zauna a kansa shekara da shekaru, idan ya wuce kimanin kashi 60 cikin ɗari na abin da ya ɗauka a gwajin 'yan mintoci, wata rana zai karya shi. Don haka injiniyoyi ke barin rata mai yawa tsakanin alƙaluman gwaji da nauyin da suke yarda a ɗora.

Siffa da tazara: darasin azara

Irin ice rabin magana ne. Sauran rabin yana ga yadda aka aza shi. Ɗauki katakon da kafintoci ke kira tu-bai-fo, mai santimita 5 da 10. Ƙin lanƙwasarsa ya dogara ga faɗi sau zurfi sau zurfi sau zurfi. Idan aka kwantar da shi, 10 × 5 × 5 × 5 ya ba da 1,250. Idan aka tsai da shi a kan gefensa, 5 × 10 × 10 × 10 ya ba da 5,000. Katako ɗaya, kuɗi ɗaya, amma tsayayyen ya ninka kwantaccen sau huɗu a ƙin lanƙwasa, sau biyu a ƙarfin karyewa. Wato obece da aka aza daidai ya fi ƙawo da aka aza ba daidai ba ƙin sunkuyawa.

Tazara ma haka take. A rufin da nauyi ya bazu ko'ina, idan aka ninka tazarar da ke tsakanin bango da bango, wahalar da katako ke sha tana ninkuwa sau 4, sunkuyawarsa kuma sau 16.

Maginan Hausa sun gano wannan tun kafin a zo da lissafinsa. Azara ana tsaga ta ne daga gangar giginya, an kuma fi son ta namiji. Giginya ba kamar sauran itatuwa take ba: ƙarfinta yana gefe, inda baƙaƙen jijiyoyi suka cunkushe, tsakiyarta kuwa taushi gare ta, shi ya sa ake fafe ta a yi indararo. Azara tana da nauyi, ga ta gara ba ta cika damunta ba. Duk da haka magina ba sa barin ta ta ɗauki rufin ƙasa a tazarar da ta wuce kimanin mita 2 ba tare da tallafi ba. Idan ana son soro mai faɗi sai su rage tazarar, ta hanyar gicciya azara a kusurwoyi, ko kafa ginshiƙi, ko ɗaura bakan gizo, inda ake jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne fitaccen misalin wannan fasaha.

Wanda ya maye gurbin azara da siraran sandunan dogonyaro ko turare, ya kuma ƙara faɗin ɗaki, ya haɗa haɗari biyu. Cikin Agusta ƙasar rufi takan sha ruwa ta ƙara nauyi, a daidai lokacin da damshi ya rage wa icen ƙarfi. Rufin da ya fara sunkuyawa a tsakiya yana tara ruwa a nan, ruwan ya ƙara nauyi, nauyin ya ƙara sunkuyawa. Duk ɗakin da aka ga haka, a tokare shi da ginshiƙi, a fitar da masu kwana ciki har a gyara.

Gara da ƙwari

Ƙarfi daban, daɗewa daban. A nan ne roba ta faɗi warwas. Sitacin da ya cika jikinta abinci ne ga fumfuna mai sa katako ya yi shuɗi-shuɗi, da ƙananan ƙwari masu huda shi suna zubo gari, da kuma gara. Maganin da aka samo shi ne, da zarar an tsaga gungumen, a tura ruwan sinadarin boron cikin katakon da matsin injin, sa'an nan a busar da shi a ɗakin zafi. Abin da ya taimaka shi ne, roba tana shan magani har cikin cikinta. Sai dai ruwa yana wanke boron, saboda haka katakon roba na cikin ɗaki ne. Ba a kafa shi a ƙasa, ba a bar shi a ruwan sama.

Obece da rimi da gawo duk suna da irin wannan rauni. Zuciyar ƙirya da ƙawo da iroko da tik kuwa takan yi shekaru masu yawa ko a waje. Amma a kula, farin gefen kowane ice, ko da na ƙawo ne, abincin ƙwari ne. Wanda ya sayi jan katako mai farin gefe, kama da wane ba ta wane. Baƙin man da ake shafa wa katakon rufi a fuska kawai yake tsayawa, duk inda aka yanka da zarto bayan shafawa an buɗe wa gara ƙofa. Haka kuma bai kamata a yi girki da guntayen katakon da aka sa wa magani ba.

Abin da ya shafe mu

Itatuwan da suka yi fice a jerin nan na sama su ne masu jinkirin girma. Ƙawo ko maɗacin da zai ba da falanki mai faɗi yakan ɗauki shekaru da dama, sarewarsa kuwa aikin sa'a guda ne. Dazuzzukan kudancin jihar, wajen Ɗansadau da Kuyambana, su ne ke da irin waɗannan itatuwa da yawa, gonakin Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi kuwa sai ɗaiɗaiku. Matsalar ta wuce Zamfara. Yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa maɗobiya cikin jerin da ba a fitarwa sai da izini daga watan Janairu na 2017, bayan sarar da aka yi mata a Afirka ta Yamma don kasuwar ƙasar Sin. A taron Panama na Nuwamba 2022 aka ƙara ƙawo da maɗaci.

Ga inda labarin roba ya zama darasi. Icen da aka raina ya zama dukiya ne saboda an auna shi, an gane rauninsa, an yi masa magani, an kuma ba shi aikin da ya dace da shi. Mu ma muna da irinsa. Dogonyaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, an shigo da shi Barno a 1928, yau babu garin da babu shi. Danginsu ɗaya da maɗaci, zuciyarsa ja ce, kuma ƙwari ba su cika son ta ba. Malaina tana girma da sauri, tana jinkirin bushewa, amma in ta bushe ba ta cika motsi ba, don haka ta dace da allon ƙofa da silin. Turare yana da ƙarfi amma yana yawan tsagewa, ya fi kyau a matsayin sanda zagayayya. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan tana da tasha a Samaru ta Zariya mai nazarin itatuwan irin ƙasarmu, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Ɗaliban da za su yi wannan bincike gobe suna azuzuwan sakandare yau.

Gwaji a makaranta

Gwaji na ɗaya. A samo busassun sanduna miƙaƙƙu masu kauri ɗaya daga sama har ƙasa, tsawon santimita 20, na itatuwa daban-daban. A tsai da kowace cikin doguwar kwalba mai ruwa, a yi saurin sa alama inda ruwa ya tsaya. Idan santimita 12 suka nutse, 12 a raba da 20 ya ba da 0.6, wato kilo 600 a mita kubik.

Gwaji na biyu. A sa kafinta ya fitar da sanduna masu santimita 1 da 1, tsawon santimita 60, marasa gurbin reshe. A aza kowace tsakanin tebur biyu masu tazarar santimita 50. A rataya bokiti a tsakiya, dab da ƙasa, kowa ya janye ƙafarsa. A riƙa zuba ruwa lita-lita, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce, a haɗa da nauyin bokitin. A kilo 3 a auna sunkuyawa da rula: sandar roba za ta ba da kimanin milimita 10, ta obece 13, ta ƙawo 6 zuwa 7. A ci gaba har ta karye, a ninka kilon da 7.35, abin da ya fito shi ne ƙarfin karyewa da megafaskal. A maimaita da sandar da ta kwana uku a ruwa, a kwatanta.

Tambayoyi

1. Guntun katako ya auna giram 84, bayan gashi ya koma giram 70. Nawa ne damshinsa?
2. Me ya sa roba ta fi obece ƙarfi amma dukansu ba sa jure gara?
3. Katako mai santimita 5 da 15, sau nawa tsayayyensa ya fi kwantaccensa ƙin lanƙwasa?
4. Tambayi wani masassaƙi a garinku icen da yake zaɓa don turmi, da ƙota, da allo. Wane awo ne cikin waɗanda muka karanta ya bayyana kowane zaɓi?

Kammalawa

Mun ga cewa babu katakon da ya fi kowane a komai. Roba tsaka-tsaki ce a nauyi da ƙarfi, mai kyan fuska, mai rauni a gaban ruwa da ƙwari. Ƙawo da maɗaci da ƙirya sun fi ta ƙarfi da daɗewa, amma samunsu yana ƙara wuya. Kafin a sayi katako, a tambayi nauyinsa, da bushewarsa, da nauyin da za a ɗora masa, da kuma inda zai zauna. Muna roƙon malaman kimiyya da na aikin katako su gudanar da gwaje-gwajen nan, musamman a kan dogonyaro da malaina da marke da kanya, su ajiye sakamakon a littafi shekara bayan shekara, tare da sunan garin da aka samo icen da watan da aka auna shi. Gani ya kori ji.